Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin zaɓen gwarzaye na Canton: ku sa wa dattawan nan kwat ɗinsu da ransu

Zuwa ga kwamitin zaɓe na Pro Football Hall of Fame, Canton, jihar Ohio.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ina rubuto muku ne a madadin wata 'yar majalisa tamu ta Hausawa mazauna Cincinnati, mutanen Kano da Damagaram da zangon Kumasi, waɗanda neman abinci ya haɗa a bakin kogin Ohio. Yawancinmu direbobi ne da ma'aikatan sito, sai ɗalibai biyu ko uku. Mun zo ƙasar nan ba mu san wata ƙwallo ba sai wadda ake bugawa da ƙafa, har mukan yi wa taku, ƙwallon ƙafa ta Amurka, dariya, mu ce wace irin ƙwallon ƙafa ce ake rungumewa a ƙirji ana gudu. Yau ga shi duk Lahadi, daga Satumba har Janairu, muna gaban talabijin da butar shayi muna gardama a kan yadi uku, sai ka ce 'yan Kantin Kwari. Da Hausa na rubuta domin da ita muke gardamar. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan za su juya muku ita in kun buƙata.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. A watan Fabrairun 2025 kun fitar da sunayen waɗanda za su shiga zaurenku na karrama gwarzayen wasan a wannan shekarar, sai muka ga mutum huɗu kacal: Eric Allen, Jared Allen, Antonio Gates da Sterling Sharpe. Rabon da a ga aji ƙarami haka tun 2005. Dukkansu sun cancanta, ba mu da ja. Sai kuma ranar 3 ga Yuni labari ya zo cewa Jim Marshall na Minnesota Vikings ya rasu yana da shekara 87, bai sa kwat ɗinku mai ruwan zinare ba, wanda kuke sa wa duk wanda ya shiga zauren. A majalisarmu ranar babu wanda ya yi mamaki, kuma rashin mamakin shi ya fi damuna.

Bari in fara da sabuwar ƙa'idar da aka yi zaɓen 2025 da ita, domin ita ce ta ƙuntata ƙofar. Ɗan wasan da ya yi fiye da shekara 25 da ajiye takalmi yana komawa rukunin dattawa. A 2023 an kawo muku dattawa uku, kuka duba kowanne shi kaɗai, kuka ce e ko a'a, kuma duka ukun suka shiga: Chuck Howley, Joe Klecko da Ken Riley. A 2025 sai aka zuba dattawa uku da koci ɗaya da mai hidima ɗaya, wato wanda ya yi wa wasan aiki ba a matsayin ɗan wasa ko koci ba, a tukunya guda, aka ce kowane mai zaɓe ya ɗauki uku daga cikin biyar, kuma sai mutum ya samu kashi 80 cikin ɗari. Lissafin ba ya buƙatar malami. In ku hamsin ne, ƙuri'u 150 ke nan, kowa yana neman 40. In ra'ayinku ya rabu daidai, kowa zai tashi da 30, ko da kowannenku ya yarda a ransa cewa duka biyar ɗin sun cancanta. Wato nagartar waɗanda aka kawo ita ke kayar da su, suna cinye ƙuri'un juna.

Ku dubi waɗanda aka haɗa. Sterling Sharpe, mai cafke ƙwallo na Green Bay wanda ciwon wuya ya tsayar a 1994. Maxie Baughan, wanda ya je Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun taurari na kowace shekara, sau tara tsakanin 1960 da 1969. Jim Tyrer na Kansas City. Koci Mike Holmgren. Sai Ralph Hay, mutumin da a shagonsa na sayar da motoci, a nan garinku na Canton, aka zauna a watan Satumban 1920 aka kafa ƙungiyar da ta zama NFL, babbar gasar wannan wasa. Da wane ma'auni ake auna dillalin mota na 1920 da ɗan wasan 1990? Wannan kamar a tambayi mutum ne ya zaɓa tsakanin wanda ya haƙa rijiya da wanda ya fi kowa iya jan guga. Sharpe kaɗai ya tsira. Baughan, wanda ya riga ya rasu a 2023, ya koma layi.

Kukanmu na biyu ya fi wannan ciwo. Kun saba jinkiri har sai mutuwa ta riga ku. Ken Stabler na Oakland ya rasu a Yulin 2015, kuka zaɓe shi a 2016, kuma a lokacin aka shaida wa iyalansa cewa ba a ba mamaci kwat ko zobe. Cliff Branch ya rasu a 2019, ya shiga a 2022. Bob Hayes, wanda ya ci zinare a tseren mita 100 a Tokyo a 1964 sannan ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, da Dallas, ya rasu a 2002, ya shiga a 2009. Koci Don Coryell ya rasu a 2010, sai 2023. Fritz Pollard, baƙar fata na farko da ya zama babban koci tun 1921, ya rasu a 1986, sai 2005 aka tuna da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙara cin ko yadi ɗaya tsakanin ranar mutuwarsa da ranar zaɓensa. Abin da ya sa suka cancanta yana nan a rubuce tun suna tafiya da ƙafafunsu. A wurinmu wannan shi ake kira ihu bayan hari. Har waɗanda suka samu da ransu, wasu sun samu ne a makare: Howley ya shiga yana fama da ciwon mantuwa, Steve McMichael ya karɓi nasa a 2024 yana kwance a gida ba ya iya magana, ya rasu a Afrilun 2025.

Na Ken Riley shi muka fi ji, domin ɗan garin da muke zaune ne ta wajen wasa. Kaka 15 ya yi wa Bengals, ƙungiyar Cincinnati, daga 1969 zuwa 1983, ya tare jifan abokan hamayya ya cafke sau 65. Mutum ne da ya yi jami'ar baƙaƙen fata ta Florida A&M a matsayin kwatabak, wato madugun da ke jefa ƙwallo, amma da ya zo NFL aka mayar da shi mai tsaron baya, kamar yadda aka yi wa baƙaƙe da yawa a wancan zamani. Bai yi surutu ba, ya koyi sabon aikin har ya zama gwani. Ko sau ɗaya ba a kira shi Pro Bowl ba. Ya rasu a Yunin 2020, kuka zaɓe shi a 2023, ɗansa ne ya tsaya a madadinsa. Ina roƙonku ku riƙe wannan a ranku, domin ranar da kuka zaɓi Riley kun amsa da bakinku cewa ƙidayar Pro Bowl tana iya zaluntar mutum.

To da wannan ƙidayar aka daɗe ana rufe wa Jim Marshall ƙofa. Ana cewa sau biyu kawai ya je Pro Bowl, 1968 da 1969. Gaskiya ne. Amma ku tuna su wa yake gogayya da su a gurbinsa: Deacon Jones, Willie Davis, da abokin layinsa Carl Eller. Ku tuna kuma abin da ya yi wanda su ba su yi ba. Kaka 20 a layin gaba na masu tsaro, inda kowane wasa karo ne da ƙattin mutane, ya buga wasa 282 a jere bai taɓa fashi ba, 270 daga ciki shi ake farawa da shi a rigar Vikings. A filin Minnesota na wancan lokaci, wanda ba shi da rufi, cikin dusar ƙanƙara. Ya bar wasa a 1979 yana da shekara 41. Wanda ya karya wannan tarihin na farawa a jere, Brett Favre, kwatabak ne, mutumin da ƙatti biyar suke tsaye don kada a taɓa shi. Marshall ya kuma tsinci ƙwallon da ta suɓuce wa abokan hamayya sau 29. Alan Page da Eller, da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, suna cikin zaurenku. Shi da ya yi musu kyaftin shekara da shekaru yana waje.

Mun san abin da yawancin mutane suka sani game da shi. Ranar 25 ga Oktoban 1964, a San Francisco, ya tsinci ƙwallo ya ruga yadi 66 zuwa gidan ƙungiyarsa, ya ba abokan hamayya maki biyu. Shekara sittin ana nuna wannan hoton ana dariya. Ba a cika faɗin cewa Vikings ne suka ci wasan 27 da 22 ba, kuma cin da ya raba gardama ya fito ne daga ƙwallon da Marshall ɗin ya sa ta suɓuce, Eller ya ɗauka ya kai. Mutum ya yi kuskure a gaban duniya, ya dawo mako mai zuwa, ya ci gaba da dawowa har shekara 15 bai yi fashi ba. Ni a ganina wannan ma hujja ce a gare shi.

Akwai kuma zaluncin da littafi ya yi musu. Sai a 1982 NFL ta fara ƙidaya kayar da kwatabak kafin ya yi jifa a hukumance, alhali wannan shi ne babban aikin masu irin gurbin Marshall. Duk wanda ya gama wasa kafin wannan shekara, shafinsa fanko ne a wurin da ya fi ƙwarewa. Masu bincike sun bi tsofaffin takardun wasanni da fina-finansu, kuma a 2021 shafin Pro Football Reference ya wallafa ƙidayar har zuwa 1960. Marshall ya tashi da 130 da rabi. Yanzu babu mai cewa ba a sani ba.

Wannan ramin shi ya haɗiye L.C. Greenwood na Pittsburgh Steelers, wanda aka sani da sa takalma masu ruwan zinare. Ya bar wasa bayan kakar 1981, shekara guda kafin a buɗe littafin. An ɗauko shi a zagaye na goma na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1969 daga wata ƙaramar jami'ar baƙaƙe a Arkansas, ya tsaya gefen Joe Greene a layin da ake kira Labulen Ƙarfe, ya ci Super Bowl huɗu, ya je Pro Bowl shida. A Super Bowl na goma ya kayar da Roger Staubach, kwatabak ɗin Dallas, sau huɗu a wasa ɗaya. Kwamitinku ne da kansa ya sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan shekarun 1970. Zuwa 2025 sau shida ya kai zagayen ƙarshe na zaɓenku ana mayar da shi, kuma dalilin da ake ta raɗawa shi ne 'yan Steelers sun yi yawa a zauren. Goma ne daga waccan tawagar suka shiga. To laifin Greenwood ne abokansa sun iya wasa? An hana Marshall don ƙungiyarsa ta sha kashi a Super Bowl huɗu, an hana Greenwood don tasa ta ci huɗu. Ya rasu a 2013 yana da shekara 67. Abin takaici, garin da aka haife shi a Mississippi ma sunansa Canton.

Yanzu ga wanda yake da rai, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan: Ken Anderson, kwatabak ɗin Bengals. Wani dattijo Bature da muka yi aiki tare a sito shi ya koya mini wannan wasa, yana zana mini tsarin 'yan wasa a bayan kwali lokacin hutun cin abinci. Yana cikin filin Riverfront ranar 10 ga Janairun 1982, ranar da Bengals suka kara da San Diego sanyi ya kai wajen digiri 23 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba da shi, ban da iska. Ya ce shayin da ya zo da shi ya daskare kafin hutun rabin lokaci, ga ƙattin layin Bengals sun fito da damatsa a waje ba dogon hannu. Ni da nake rawar ɗari da hunturun Kano, na kasa ko kwatanta shi. A wannan ranar Anderson ya yi ta jifa ƙwallo tana zuwa inda ya aike ta, aka tashi 27 da 7. Madugun ɗaya ɓangaren, Dan Fouts, yana cikin zaurenku tun 1993, kuma ya cancanta.

Ba labarin dattijo kaɗai na dogara da shi ba. Anderson ya fito daga Augustana, wata 'yar kwaleji a Illinois, ya yi wa Bengals kaka 16 daga 1971 zuwa 1986. Sau huɗu yana zama na ɗaya a ma'aunin ingancin jifa: 1974, 1975, 1981 da 1982. Ku lura da shekarun. Biyu kafin a sassauta dokokin jifa a 1978, lokacin da masu tsaro ke dukan masu cafkewa yadda suka ga dama, biyu kuma bayan an sassauta. Shi ne gwarzon shekara na NFL a 1981. A 1982 kashi 70 da ɗoriya na jifansa sun isa hannu, tarihin da ya tsaya shekara 27 sai Drew Brees ya taɓa shi a 2009. Salon gajerun jifa da duniya take kira na Gaɓar Yamma, a nan Cincinnati Bill Walsh ya ƙera shi yana mataimakin koci, kuma a hannun Anderson ya nuna yana aiki. Walsh ya tafi San Francisco, ya dawo ya doke tsohon ɗalibinsa da makamin a Super Bowl na 16, 26 da 21, a wasan da Anderson ya jefa 34 aka cafke 25. Sunan salon ya tafi California, yabon ma ya bi shi.

Sai a ce ai bai ci kofi ba. Fran Tarkenton ya sha kashi a Super Bowl uku, Jim Kelly huɗu, Fouts da Warren Moon ba su ma je ba, duk suna ciki. Abin da ya rage shi ne garin da ya yi wa wasa. Ƙungiyar da ta fara wasa tun 1968, amma kafin Riley mutum ɗaya tak da ya yi rayuwarsa ta wasa a cikinta yake zaurenku, Anthony Muñoz. Ba na zargin kowa da ƙiyayya. Kyamara ce ba ta cika zuwa nan ba a wancan zamani, kuma abin da ba a nuna ba, waɗanda suka zo daga baya ba su gan shi ba. Anderson ya cika shekara 76 a Fabrairun 2025.

Akwai wasu da zan ambata a gurguje. Otis Taylor na Kansas City, wanda cinsa na yadi 46 ya rufe Super Bowl na huɗu, ya rasu a 2023 yana jira. Everson Walls, wanda babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa, amma sau uku yana fin kowa cafke jifan abokan hamayya. Henry Ellard mai yadi 13,777, na uku a tarihi ranar da ya bar wasa. Da Steve Tasker na Buffalo, Pro Bowl bakwai a aikin rugawa bayan an buga ƙwallo, aikin da kowane koci yake rantsuwa cewa kashi ɗaya cikin uku ne na wasa, amma in an zo rabon girma sai a manta da rantsuwar.

Kada ku ɗauka son kai ne ya kawo mu. Da shi ne, da Christian Okoye muka roƙa muku, ɗan Enugu da ya zo Amurka jifan faifai ya ɓuge da fin kowa gudu da ƙwallo a 1989, yadi 1,480. Ta dalilinsa da yawanmu suka fara jin sunan NFL. Amma kaka shida ya yi, kuma mun yarda girman da Kansas City ta ba shi a nata zauren ya isa. Mun kuma fahimci tsoronku, cewa in aka buɗe ƙofa da yawa darajar wurin za ta zube. Hujja ce mai ƙarfi, kuma a majalisarmu ma akwai wanda ya tsaya kai da fata cewa Marshall nagari ne ƙwarai amma bai kai gwarzo ba. Mun sha shayi uku a kan wannan ba mu daidaita ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne a ba mutum amsarsa a kan aikinsa, yana raye, daga bakin waɗanda suka duba shi da kyau.

Ga abin da muke roƙo.

Ku raba tukunyar nan. Dattawa su tsaya su kaɗai, koci da mai hidima su bi nasu layin, kuma a koma jefa ƙuri'ar e ko a'a a kan kowane mutum kamar yadda aka yi a 2023. Ku bar kashi 80 ɗinku yadda yake, ba mu nemi a rage ba.

Ku sake yin irin abin da kuka yi a 2020, lokacin cikar NFL shekara ɗari, da kuka shigar da dattawa goma a aji ɗaya. Zauren bai rushe ba, kuma ta nan ne Duke Slater, wanda ya rasu tun 1966, ya samu haƙƙinsa. Layin da ya rage bai gajarta ba, kowace shekara ma ƙaruwa yake.

In mutum biyu sun yi kunnen doki a cancanta, ku gabatar da mai rai. Iyalan mamaci suna da haƙƙi, ba mu musa ba, amma su za su iya jira shekara guda.

Ku karɓi ƙidayar da masu bincike suka tattaro ta kafin 1982, a karanta ta a zaman zaɓe kamar kowace ƙidaya. Kuma idan za a tattauna ɗan wasan 1970, a kira waɗanda suka yi karo da shi su faɗi abin da jikinsu ya gaya musu, tun suna nan. Su ma shekarunsu sun ja.

Na ƙarshe, ku bayyana ƙuri'unku. Yawancinku 'yan jarida ne, kun yi rayuwarku kuna tambayar koci dalilin da ya sa ya ajiye wane a benci. Wanda ya ga Anderson bai cancanta ba, ya sa sunansa ya faɗi dalili, mu ji, wataƙila ma ya gamsar da mu.

Daga nan zuwa Canton tafiyar awa huɗu ce a mota, kuma motoci ba su ne matsalarmu ba. Mun yi alkawari a majalisa cewa watan Agustan da za a yaye ƙyalle daga kan mutum-mutumin tagulla na Ken Anderson, za mu rufe aiki mu zo, da dattijon nan da ya koya mini wasa a kujerar gaba. Shi ma ya haura tamanin, kuma kwanan nan ya fara dogara sanda.

Ku huta lafiya.

Naku,
wani direba a Cincinnati, a madadin majalisar shayin Lahadi.
Yuni, 2025